Yawon buɗe ido da iyali a Abuja: Kallo da arha, mota da ciki ke cinye guzuri

Duk lokacin Sallah ko dogon hutun makaranta, Abuja kan yi musayar mutane. Ma'aikatan gwamnati da 'yan siyasa da 'yan kwangila su kwashi iyalansu su nufi garuruwansu, har manyan titunan da aka saba gani cike da motoci su koma fayau. A daidai wannan lokaci kuma wasu iyalan ke shigowa daga Kano da Kaduna da Jos da Bauchi da Minna da Lafiya, domin yara su ga birnin da suka saba gani a talabijin.

Mafi yawansu ba a otal suke sauka ba. Gidan wa ko ƙani ko suruki ake nufa, a Kubwa ko Lugbe ko Nyanya ko Mararaba ko Suleja, inda akasarin masu aiki a Abuja ke kwana. Daga can ake shirya fita kullum, a dawo da yamma a gajiye.

Abin da magidanta da yawa ba sa ganewa sai sun zo shi ne, kallon Abuja ba shi da tsada. Wuraren da suka fi burge yara ko dai kyauta ake shiga, ko kuma kuɗin ƙofar bai taka kara ya karya ba. Abubuwa biyu ne ke kwashe guzurin da aka yi watanni ana tarawa: kuɗin mota da kuɗin abinci. Wanda bai yi musu lissafi tun daga gida ba, kwana biyu ya isa ya fara tunanin wanda zai ranta masa kuɗin komawa.

Birnin da aka zana wa mota

A ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Ramat Muhammad ta kafa dokar da ta samar da Babban Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Kwana goma bayan haka aka kashe Murtala a Legas. Sai ranar 12 ga Disamban 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare da gwamnati a sabon birnin.

Tsakanin waɗannan shekaru aka zana garin a takarda. Wani kamfanin Amurka ya tsara taswirar birnin a 1979, shi kuma Kenzo Tange, fitaccen mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Japan, ya tsara tsakiyarsa. Sun zana faffaɗan tituna da gadoji da ma'aikatu masu tazara da juna. Ba su zana gari domin mai tafiya a ƙasa riƙe da hannun yara ba.

A Kano, baƙo zai iya shiga Gidan Makama, ya tsallaka ya ga ƙofar Gidan Sarki da Babban Masallaci, ya gangara Kasuwar Kurmi, duk a ƙafa. A Abuja babu wannan. Daga wannan abin kallo zuwa wancan sai an hau mota, ko da kuwa ana hango shi.

Motar ma ba kowacce ba. Tun 2006, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan birnin, aka hana acaɓa shiga tsakiyar gari. A 2013 aka kori ƙananan bas-bas da ake kira araba. A Daidaita Sahu kuwa iyakarsa wasu unguwanni. Abin da ya rage shi ne tasi mai ɗibar fasinja a hanya, da shata, da motocin da ake kira ta manhajar waya irin su Bolt da Uber da inDrive. Miji da mata da yara huɗu ba za su samu gurbi tare a tasin haya ba, dole sai shata, wani lokaci ma mota biyu.

Kuɗin shatar kuma ya bi farashin fetur. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai Naira 200 a gidajen man gwamnati ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000. Shi ya sa iyalin da mai masaukinsu ke da mota, kuma ya samu sararin zagayawa da su, sun rage rabin wahala, sai dai ya kamata baƙo ya riƙa zuba mai ba sai an tambaye shi ba.

Akwai kuma batun 'yan wan-cans, wato ɓarayin da ke shigar direba da fasinjoji, su ɗauki mutum a bakin titi su ƙwace masa waya da katin banki, wani lokaci su turo shi waje mota na gudu. Mazauna Abuja sun san su sarai, baƙo ne ke faɗawa. A hau mota a tasha ko a kira ta manhaja. Kada kuma a raba iyali da magariba, a ce uwargida da ƙananan yara su shiga wannan, maigida ya biyo a ta baya.

Wanda ya sauka a Nyanya ko Mararaba yana da ƙarin jarrabawa a ranakun aiki. Da safe hanyar shiga gari ke cushewa, da yamma ta fita. Gara a bari ma'aikata su wuce, a fito da hantsi, a juyo da la'asar sakaliya.

Jirgin ƙasa na cikin gari ya ɗan kawo sauƙi. An buɗe shi a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, aka farfaɗo da shi a ƙarshen Mayun 2024. Yana tashi daga tsakiyar birni ya bi ta Idu zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, da wani reshe da ya nufi Kubwa. Ba ya kai mutum bakin wuraren shaƙatawa, kuma sawunsa a rana ba su da yawa, don haka sai an binciki lokaci. Amma ga yaron da bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba, zuwa da dawowar kaɗai yawon buɗe ido ne.

Abin da ake gani ta gilashin mota

Tambayar farko da yara kan yi ita ce, “Baba, ina gidan Shugaban Ƙasa?” Amsar ba ta da daɗi, domin ba a ganinsa. Fadar na can a gindin Dutsen Aso, bayan shingayen jami'an tsaro. Abin da ake hangowa shi ne dutsen kansa, mai tsawon kusan mita 400, da koriyar ƙubbar Majalisar Dokoki ta Ƙasa, da Dandalin Eagle Square da aka gina a 1999 domin bikin miƙa mulki ga farar hula. Ɗaliban makarantu kan shiga Majalisa idan an rubuta takarda tun da wuri, amma iyali ba sa zuwa haka kawai su ce sun zo kallo.

A wannan yanki ne ya kamata a ja kunnen manyan yara game da waya. Ɗaga ta a shingen sojoji ko ƙofar bariki ko gaban ofishin jakadanci na iya jawo tsaiko da tambayoyi, a ɓata wa kowa yini.

Daga kusan ko'ina a tsakiyar gari ana hango wata doguwar hasumiya mai tsawon mita 170. Ita ce Millennium Tower, wadda aka fara a 2006 tare da cibiyar al'adu da aka ce za ta ƙunshi gidan tarihi. An yi shekara da shekaru aikin na tsaye. Haka ginin hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke kusa, wanda shi ma a 2006 aka ba da kwangilarsa. Abin takaici ne a ce Jos na da gidan tarihi tun 1952, Legas tun 1957, amma babban birnin ƙasa ba shi da wani katafaren wuri da uba zai kai ɗansa ya nuna masa tarihin Najeriya a jere.

Cibiyar Shehu Musa 'Yar'aduwa na ɗan cike wannan giɓi. Tana da zauren da aka baje tarihin marigayin, wanda ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamban 1997, tare da hotunan siyasar wancan zamani. A harabarta akwai wata gada da aka bari ba a ƙarasa ba da gangan, alamar rayuwar da aka katse. Yaran sakandare kan amfana da wurin fiye da ƙanana.

Inda ƙofa ke buɗe ga kowa shi ne Masallacin Ƙasa. An gina shi a 1984, da ƙubba mai ruwan zinare da hasumiya huɗu, kuma ana barin waɗanda ba Musulmi ba su shiga idan ba lokacin sallah ba ne. Wanda zai iya, ya daidaita zuwansa da Juma'a. Bayan an sallame, kewayen masallacin kan koma kasuwa: huluna, turare, carbi, littattafai, dabino, zuma, kilishi, magungunan gargajiya, ga masu fura da nono a gefe. A nan baƙo daga Arewa kan manta cewa ba a gida yake ba. Tazara kaɗan daga nan babbar majami'ar Kiristoci ta ƙasa take, wadda aka kammala a 2005. An ajiye su kusa da juna ne da niyya.

Kusa da otal ɗin Transcorp Hilton kuma akwai Unity Fountain, inda aka rubuta sunayen jihohin ƙasar. Yara kan yi rige-rigen nemo jiharsu a ɗauke su hoto. Nan ne masu fafutukar a ceto 'yan matan Chibok suka riƙa zama tun daga 2014.

Ko sunayen tituna abin wasa ne da yara a cikin mota. A Maitama za a ga sunayen koguna kamar Nile da Amazon da Mississippi, a Wuse biranen Afirka kamar Accra da Lome da Lusaka, a Asokoro kuma shugabanni irin su Kwame Nkrumah da Nelson Mandela da Julius Nyerere.

Tabarma da kula a Millennium Park

Idan iyali na da yini ɗaya tak, lambun Millennium Park da ke Maitama ya fi cancanta da shi. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe shi ranar 4 ga Disamban 2003, lokacin taron ƙasashe rainon Ingila da aka yi a Abuja a zamanin Shugaba Obasanjo. Wani ɗan Italiya, Manfredi Nicoletti, shi ya zana shi a fili mai faɗin hekta 32, kuma shi ne ya zana waccan hasumiya da ba a ƙarasa ba.

Wani rafi ya raba lambun biyu. Ɓangare ɗaya an bar shi da itatuwa da inuwa, ɗayan an shimfiɗa masa doguwar hanya da maɓuɓɓugan ruwa. Shiga kyauta ne, kuma ba a hana zuwa da abinci. Nan ne ake ganin 'yar minista da ɗan mai gadi suna gudu a ciyawa ɗaya, abin da ba kasafai ake samu a Abuja ba.

Iyalan da suka san wurin da tabarma suke zuwa, da kular dafa-duka ko shinkafa da miya, da jarkar zoɓo ko kunun aya, da ƙwallo. Waɗanda suka zo hannu rabbana su ne masu sayar da askirim da gugguru da balan-balan ke yi wa kwanton ɓauna. Masu ɗaukar hoto ma na nan, kuma sai an yi ciniki kafin a tsaya.

Ranar Sallah da washegari wurin kan cika maƙil, yaro kan ɓace cikin ƙiftawa da bismillah. Dabarar da iyaye mata suka daɗe suna yi ita ce a rubuta lambar waya a takarda a saka wa kowane ƙaramin yaro a aljihu, a kuma nuna wa manyan bishiyar da za a haɗu idan an rabu. Bakin rafin kuma ba wurin wasa ba ne, musamman da damina.

Gidan namun daji da filin wasan yara na Asokoro yana gindin Dutsen Aso, kuma kuɗin shigarsa da sauƙi. Akwai jimina da kada da birai da kunkuru da sauransu, ga lilo da fili. Wanda ya san gidan zu na Audu Bako a Kano kada ya sa ran ganin abin da ya fi shi. Ribar wurin ita ce, da wuya a samu inda farar hula zai matsa kusa da dutsen kamar nan.

A tafkin Jabi ana hawa kwale-kwale da doki. Kada a yarda yaro ya shiga ruwa babu rigar kariya daidai jikinsa, duk abin da matuƙin zai ce. A gaɓar tafkin ne katafaren rukunin kantunan Jabi Lake Mall yake, wanda aka buɗe a 2015. Shiga kyauta ne, sanyin na'ura kyauta, matakala mai tafiya da kanta ma kyauta, kuma yara za su so su hau ta sau goma. Fitowa ce ba kyauta ba, domin kowane lungu akwai abin da yaro zai nuna da yatsa.

Haka lissafin yake a Magicland, wurin wasan da aka fi sani da tsohon sunansa Wonderland, kusa da babban filin wasa na ƙasa da aka gina domin wasannin Afirka na 2003. Bayan kuɗin ƙofa, kowane lilo da nasa kuɗin. Yara huɗu, kowa ya hau biyar, tikiti 20 ke nan. Gara tun a mota a yi yarjejeniya a kan sau nawa kowa zai hau, in ba haka ba da kuka za a tashi.

Tsohon ramin fasa dutse na Mpape, wanda hotunansa suka cika Instagram a 2020, yana da kyau a ido. Sai dai ruwan na da zurfi kuma gaɓarsa a tsaye take. Ba wurin zuwa da ƙananan yara ba ne.

Inda ciki ke karɓar rabonsa

A Wuse 2 akwai wani titi da aka raɗa wa sunan Malam Aminu Kano, jagoran talakawa. A kansa da maƙwabcinsa na Adetokunbo Ademola ne gidajen abincin da talaka ba ya iya shiga suka yi jerin gwano: na 'yan Lebanon, na Sin, na Indiya, na shawarma da fiza da soyayyiyar kaza. Haka abin yake a Maitama da manyan otal-otal.

Mafi ƙarancin albashi a ƙasar tun Yulin 2024 Naira 70,000 ne. A da yawa daga cikin waɗannan wurare, mutum shida su zauna su ci su ƙoshi sau ɗaya na iya lashe wannan kuɗi, ko ya wuce. Kuma farashin da ke jikin takardar abincin ba kullum ne shi ne na ƙarshe ba. Ana ɗora harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya fara aiki a Fabrairun 2020, wasu su ƙara da kuɗin hidima. Ruwan gora da lemo ma farashinsu ya ninka na shago. Ba abin kunya ba ne magidanci ya tambayi mai kawo abinci ko farashin ya haɗa da haraji kafin a kawo komai. Abin kunyar shi ne a kawo takardar biya ya fara laluben aljihu a gaban 'ya'yansa.

Akwai wata tambayar da ba a saba yi a Kano ko Sakkwato ba, amma a Abuja dole ce. Gari ne na kowa da kowa, don haka wasu gidajen abinci, musamman na 'yan ƙasashen waje da na otal, suna sayar da naman alade, wasu miyar kuma da giya ake haɗa su. A tambaya. Ma'aikatan sun saba, ba sa jin haushi.

Wannan cakuɗuwar kuma ita ce daɗin cin abinci a Abuja. A gari ɗaya za a samu amala da ewedu da gbegiri na Yarbawa, sakwara da miyar agushi, afang da edikaikon na mutanen Kalaba, banga na yankin Neja Delta, da nkwobi da isi-ewu na Ibo. Zuwa Abuja a ci tuwon shinkafa safe da dare asara ce. A bar yara su ɗanɗana abin da ba su sani ba, sai dai a yi hattara da farfesun mutanen Kudu, yajinsa ya fi ƙarfin bakin yaro. Gidajen abincin Kudu da yawa kuma suna cika faranti, yara biyu za su ƙoshi da ɗaya.

To a ina ma'aikacin Abuja ke cin abincin rana? Ba a waɗancan wurare ba. A bayan ma'aikatu da gindin bishiyoyin kewayen Sakatariyar Tarayya akwai mata masu manyan kuloli, da shinkafa da wake da tuwo da taliya, ga Fulani masu fura da nono. A nan masinja da darakta kan haɗu. Amma ga tarkon da baƙi ke faɗawa: waɗannan mata ma'aikata suke bi. Ranar Asabar da Lahadi da ranakun hutu, wato daidai lokacin da iyalai ke yawo, ba sa fitowa. Sai iyali su tsinci kansu da azahar a tsakiyar birni, yara na kukan yunwa, babu abin da ke buɗe sai wurin da ya fi ƙarfinsu.

Mafita ita ce kasuwanni. A kasuwar Wuse da ta Garki da ta Utako akwai rumfunan abinci masu sauƙin kuɗi, sai dai kasuwannin Abuja da yamma ake rufe su. A Wuse Zone 4, matattarar 'yan canji, da tsohon ƙauyen Garki, ba a rasa mai tuwo da mai waina da mai shayi, da Hausa kuma za a yi ciniki. A unguwannin bayan gari irin su Kubwa da Nyanya da Karu abinci ya fi arha nesa ba kusa ba.

Da yamma Abuja ta gasasshen kifi ce. Ƙananan lambunan da aka tsara domin shan iska a unguwanni da yawa sun koma abin da ake kira gadin, inda ake nuna wa mutum tarwaɗa da ranta ya zaɓa a gasa masa ko a yi farfesu. Wanda ya fi suna shi ne kasuwar mami ta barikin Mogadishu, wadda har gobe ake kira barikin Abacha. Mata ne a jere da garwashi, da karfasa da tarwaɗa da kifin teku, ana haɗawa da soyayyen dankali da yaji. Ana bincike a ƙofa, kuma kuɗin kifi ya danganta da girmansa, don haka a gama ciniki kafin ya hau wuta.

Abin da ya kamata mai iyali ya sani shi ne, a barikin da kuma mafi yawan gadin-gadin ana sayar da barasa, ga kiɗa mai ƙarfi idan dare ya yi. Iyalai da yawa kan je tun da sauran rana su tashi kafin magariba, ko maigida ya je shi kaɗai a naɗe masa ya kawo gida a ci tare da masu masauki. Wannan ta biyun ta fi, don kuwa uwargidan da ta kwana uku tana girka wa baƙi ta samu hutun dare ɗaya.

Tsire da balangu da gasasshiyar kaza kuwa sana'ar 'yan Arewa ce a ko'ina cikin garin, daga masu teburi a bakin titi zuwa manya irin su Yahuza. A Area 1 da ke Garki kuma masu kilishi ne a jere, kowa na miƙo ɗanɗano yana cewa “Alhaji, taɓa ka ji,” “Hajiya, ga mai yaji, ga marar yaji.” Nan matafiya zuwa Kudu da ƙasashen waje ke sayen tsaraba. Bakano ko Basakkwace zai ji farashin ya yi dariya, domin dabbar daga wajensu aka kawo ta, mai yin kilishin ma ɗan garinsu ne. Kuɗin hayar Abuja ne ya hau kan naman.

Tsarin da ya fi yi wa iyalai daidai shi ne a karya da nauyi a gida, a ɗauki kula da ruwa a fita, sannan a ware cin abinci a waje sau ɗaya a yini, ko ma sau ɗaya a duk tafiyar a wurin da yara za su daɗe suna labari. Kuma tun da mai masauki a Abuja komai saye yake yi, har ruwa a wasu unguwannin, baƙon kirki kan taho da ɗan buhun shinkafa ko wake, da man gyaɗa da kayan miya busassu.

Masu garin na asali

Kafin a zana tituna, ƙasar nan ta Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, tare da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da wasu ƙabilun. An tashi ƙauyuka da dama domin gina birnin, wasu aka mai da su Kubwa, kuma har yanzu batun diyya da sake matsuguni bai mutu ba. Iyalin da suka zagaya Maitama da Asokoro kaɗai ba za su san da wannan ba.

A bayan takardar Naira 20 akwai hoton wata mata tana gina tukunya. Ita ce Ladi Kwali, 'yar garin Kwali da ke cikin yankin birnin tarayya. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a garin da yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a can. Tukwanenta sun zagaya Turai da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984.

Wannan sana'a na nan da ranta a ƙauyen Ushafa, kan hanyar Bwari, inda Shugaban Amurka Bill Clinton ya kai ziyara a Agustan 2000. Yara za su ga yadda ake murza yumɓu ya zama tulu ko kasko, a kuma sayi 'yar tukunya ko gilashin fure na ƙasa da kuɗi kaɗan. Sai dai yankin Bwari ya sha fama da masu garkuwa da mutane a farkon 2024. A je da rana tsaka, a dawo da wuri, kuma a ji ta bakin mai masauki kafin a kama hanya.

Sunan Abuja ma aro ne. Asalinsa na garin da Abu Ja, ɗaya daga cikin sarakunan Haɓen Zazzau da suka baro Zariya bayan jihadi, ya kafa a 1828. Da aka ɗauki sunan aka ba sabon birni, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Mai komawa Arewa ta mota zai bi ta kusa da can. A Zuba akwai babbar kasuwar 'ya'yan itatuwa, inda ake sayen ayaba da abarba da lemo na tsaraba da arha fiye da cikin gari. Gaba kaɗan, a wajen Madalla, Dutsen Zuma zai bayyana a gefen titi. Shi ne a jikin tsohuwar takardar Naira 100, kuma duk da ana kiransa ƙofar Abuja, a Jihar Neja yake. A sa direba ya ɗan tsaya, a ciro takardar a nuna wa yara, su nemi abin da ke kama da fuskar mutum a jikin dutsen.

Hanyar Abuja zuwa Kaduna an daɗe ana aikinta tun 2018, kuma ba hanyar da ake so dare ya riski mai iyali ba ce, don haka da an idar da sallar asuba ake tashi. Mai son jirgin ƙasa zai hau a Idu ko Kubwa ya sauka a Rigasa, tafiyar kilomita 186 a layin da aka buɗe a Yulin 2016. Tun bayan harin 28 ga Maris na 2022 sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ake sayen tikiti, kuma ta intanet ake saye. A makon Sallah kujerun kan ƙare da wuri, mai neman shida a tarago ɗaya sai ya kasa ya tsare tun lokacin da aka buɗe sayarwa.